Cigiyar Hamdiyya

Akwai wata 'yar alama a cikin waya, girmanta bai kai ƙwayar masara ba, wadda mutum ke dangwala wa yatsa idan hoto ko bidiyo ya burge shi. Laik ake ce mata. Ba a dafa ta, ba a ɗinka riga da ita, ba ta maganin ko ciwon kai, amma a zamanin nan an ga magidanci da gemunsa ya ture kwanon tuwo saboda an hana shi ita. A cikin irin waɗannan magidanta babu wanda abin ya ci kamar Kamilu na Ƙofa, a ƙasar Bebeji. Labarinsa da dariya ya fara, amma wanda ya ji ƙarshensa ba ya dariya.

Kamilu manomin masara ne, da rani kuma ya hau babur ya yi haya. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Dije, da matarsa Zubaida, da 'yarsu tilo Hamdiyya, wadda suka samu bayan an daɗe ana jira har dangi sun fara ƙananan maganganu. Yarinyar nan ita ce ransa. Ko sauro ne ya cije ta, sai ya tashi gida tsaye.

Fitinar ta shigo ne ranar da ya sayar da masara ya sayi babbar waya. Ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta, ya fara ɗora bidiyon barkwanci. Yau ya ɗaura zani ya kwaikwayi mai koko, gobe ya shafa toka ya kwaikwayi tsoho. Gaskiya dai a faɗe ta, Allah bai yi shi da ban dariya ba. Sai ya ɓata yini guda yana ɗauka yana gogewa, ya ɗora, ya zauna ya zuba wa waya ido kamar mai gadin shanya. Laik tara. A cikin taran nan ɗaya nasa ne, ɗaya kuma na Zubaida ne da ya karɓi wayarta ya danna da kansa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Sabo na Yako, wanda suka yi firamare tare. Sabo ko atishawa ya yi a bidiyo sai dubbai su danna. Masu maganin basir da masu atamfa da 'yan siyasa suna layi a ƙofar gidansa don ya tallata su, har ya sayi mota yana wuce Kamilu a titi yana yi masa hon.

Wata rana Kamilu ya zauna a shagon abokinsa Mu'azu mai cajin waya, ya yi tagumi.

"Wai ni Mu'azu, me mutanen nan suke so ne? Na ɗaura zani, na faɗa kwata, na ci barkono tsagwaronsa a gaban waya."

"Ai ba wahalarka suke saya ba," in ji Mu'azu. "Masu talla ba yawan mabiyanka suke dubawa ba, yawan masu dannawa suke dubawa, don shi ne shaidar ana tsayawa a kanka. Ka riƙa ɗorawa bayan magariba, lokacin da kowa ya ci tuwo ya miƙe ƙafa. Wanda ya yi maka magana a ƙasan bidiyo ka ba shi amsa. In abin ya karɓu da wuri, shafin da kansa zai yi ta tura ka gaba. Sannan fuska, mutumina. Tsohuwa, ko ƙaramin yaro, ko abin tausayi, su ake danna wa. Ka sa Hamdiyya mana, ga ta da surutu."

"A'a, ban da Hamdiyya. Bakin mutane ba shi da kyau."

Sauran shawarwarin kuwa duk ya bi. Ya ɗora bayan magariba, ya yi ta godiya ga duk wanda ya tanka masa ko da zaginsa ya yi. Har laik ya saya a hannun wani da bai taɓa gani ba, aka zubo masa sunayen mutanen wata ƙasa waɗanda ba su san ko "sannu" ba, kafin mako ya zagayo duk suka ɓace. Damina ta faɗi, ciyawa ta rufe masa masara yana can yana neman inda sabis ya fi ƙarfi. Ya rame, ya zama mai saurin fushi. Ba talauci ne ke cin sa ba, don tuwo bai yanke a gidansa ba. Ganin kamar duniya ta wuce shi ba ta ko waiwaya ba, shi ne ke cin sa.

Wani fasinja ne da ya ɗauko daga Kiru ya raɗa masa labarin Ɗanasabe, boka mai aikin farin jini a bayan duwatsun Doguwa. Kamilu ya ce a'uzubillahi da baki, amma kunnensa ya riƙe kwatancen tsaf. Bayan 'yan kwanaki ya ce wa Inna Dije zai je neman taki mai sauƙi. Tsohuwar, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "To wannan, Allah ya tsare hanya." Addu'ar uwa ya ɗauka ya tafi da ita gidan boka.

Ya wuce Tudun Wada, ya ratsa daji, ya bar kwalta, ya bar babur a gindin wata tsamiya ya taka da ƙafa. Wurin wani tsohon ramin haƙar kuza ne da aka daɗe da yin watsi da shi. Rana tana tsaka, amma ko kukan tsuntsu babu. Da ya fara gangarawa sai sanyi ya kama shi daga ƙafa, ga ƙarnin tsohon jini da ƙaurin ƙonannen gashi. An lilliƙa fasassun madubai a jikin bangon ramin, ko'ina ya juya sai ya ga guntun fuskarsa. Daga sama kuwa zare ne ke reto jere-jere, an shirya busassun idanu a jikinsa kamar kuɓewar shanya: na awaki, na kifi, na mujiya, da wasu da Kamilu bai yarda ya ƙara kallo ba. A tsakiya akwai baƙin tulu naɗe da jan ƙyalle, an rufe bakinsa da faifai. Faifan yana ɗagawa yana sauka a hankali, kamar mai barci ne a ciki.

Ɗanasabe ɗan ƙaramin tsoho ne, fes da shi, idonsa ya sha kwalli. Tun da Kamilu ya durƙusa bai ga ya ƙifta ba.

"Ajiye wayar a nan," in ji bokan. "Ido ka zo nema."

"Ranka ya daɗe, farin jini nake so. Akwai wani abu da ake dannawa a waya..."

"Na san shi. Kafin kai 'yan kasuwa sun zo, mawaƙa sun zo, masu neman kujera sun zo. Suna ne kawai ke canzawa, kowa so yake a kalle shi. Kiran ido ba wuya, yaro. Amma idon jama'a ba ya zuwa a ƙoshe. In na kira maka shi, sai ya samu inda zai sauka ya ci."

"Ya sauka a kaina, Baba. Na yarda."

"Ba a cin mai kira. Fuskar wanda kuke ci tukunya ɗaya ake so, jininka ko matar aurenka. Ka ɗora ta, ido ya zo, dukiya ta biyo shi. Ka ɗora fuskar bare, ko taka kai kaɗai, ka koma wa taranka."

Gaban Kamilu ya faɗi, don bai gaya wa mutumin nan maganar tara ba.

"Ci kamar yaya, Baba?"

"Ci dai."

"Ciwo ne? Ko kuwa..."

"Tambaya ka zo yi ko karɓa? Hanya tana nan inda ka bar ta."

A nan ne ya kamata ya ɗauki wayarsa ya fita da gudu, kuma zuciyarsa ta gaya masa haka. Sai hon ɗin Sabo ya faɗo masa a rai. Ya fara lallashin kansa: ai kambun baka ne kawai, ɗan zazzaɓi ne, rubutu da habbatussauda za su kore shi.

"Ina da 'ya guda," ya ce. "Ban da ita. Ka yi min alkawari ban da ita."

Ɗanasabe ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ni ina ruwana da 'yarka? Ni ba na ɗora hoto. Waya taka, yatsa naka. Wanda ba ka ɗora ba, ko inuwarsa ba za a taɓa ba."

Wannan magana ce ta kwantar masa da hankali, ya ce a yi.

Bokan ya jawo baƙar kaza ya yanka ta a bakin tulun ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Ya tari jinin a ƙoƙo, ya kwaɓa da kwalli, ya ɗauki gashin mujiya ya rangaɗa wa idon wayar. Ya kama babban yatsan Kamilu na dama, ya tsaga ƙarƙashin farce, ya cusa ragowar. Sannan ya ɗaga faifan ya ce, "Leƙa." Kamilu ya leƙa. Baƙin ruwa ne a ciki, shiru. Can sai ido ɗaya ya buɗe a cikin ruwan, wani ya buɗe a gefensa, wani ya buɗe, har tulun ya cika maƙil da idanu marasa fuska, kuma duk shi suke kallo. Ya ja da baya yana salati, salatin ya maƙale masa a wuya. Da ya sa hannu a aljihu zai biya, tsohon ya girgiza kai.

"Ba ni nake karɓa ba."

Washegari da hantsi Inna Dije na tsakar gida tana kirɓa fura, akuya ta zo ta sa baki a ƙwarya. Tsohuwar ta bi ta da muciya tana zazzaga mata faɗa kamar da mutum take, har tana tuna mata laifin uwarta. Kamilu ya ɗaga waya. Ta juyo ta gan shi ta ce, "Kai wannan, kawar min da abin nan daga fuska!" Haka ya ɗora shi, da faɗan da komai.

Kafin la'asar wayar ta ɗauki zafi don shigowar saƙo. Laik ya wuce ɗari, ya wuce dubu, ya daina ƙirguwa. Aka raɗa mata Tsohuwar Ƙofa, daga Kano har ƙasashen waje ana jiran me za ta ce gobe. Masu talla suka gano hanyar gidan. Kamilu ya rushe ginin ƙasa ya ɗora na bulo, ya sa sola, ya sayi mota, ya bi ta Yako takanas don ya yi wa Sabo hon. Waɗanda da suke kiran sa sakarai suka koma kiran sa Alhaji tun bai je ba.

Inna Dije kuwa sai ta fara bushewa. Ba zazzaɓi, ba tari, asibiti sun duba ba su ga komai ba. Tana ci, amma kamar wani ne ke ƙoshi. Ta daina zama a tsakar gida, ta koma lulluɓa har a cikin ɗaki.

"Wannan," ta ce da shi wata safiya, "wai su wa ka tara min a gidan nan?"

"Babu kowa, Inna."

"To ni ko alwala nake yi ban ga an kau da kai ba. Ka ce musu tsohuwa ce ni, su ji kunyata mana."

Kada wani ya ce bai gane ba. Ya gane sarai. Ya fita waje ya share hawaye, ya dawo ya ɗauke ta bidiyo tana kwance, ya rubuta a yi wa Tsohuwar Ƙofa addu'a. Wannan ya fi na akuyar samun laik. Da ta rasu, mutum biyu ne suka ɗaga makarar kamar babu komai a ciki. Ya ɗora sanarwa da hotonta, jama'a suka yi ta dannawa suna Allah ya ji ƙanta. A zaman makoki, ana yi masa gaisuwa yana amsawa, hannunsa na ƙarƙashin babbar riga yana jan waya ya ga nawa suka ƙaru. Abin kunya ne ko a faɗa, amma haka aka yi.

Fuskar mamaci ba ta daɗewa tana ciyar da ido. Ya maimaita tsofaffin bidiyonta, aka ƙi tsayawa. Ya ɗora nasa, ya ga tara ta dawo tana yi masa murmushi. Kiran masu talla ya ja baya. Mutumin da ya saba a tsayar da shi a kasuwa a yi hoto da shi, ya ji shirun nan kamar an danne masa ƙirji. Sai ya fara kallon Zubaida.

"Haba Abban Hamdiyya," ta ce, "ni matar aure? Me zan ce wa Babanmu in ya gani?"

"Girki ne kawai, da hijabinki. Ki nuna musu yadda ake dambu. Rufin asirinmu ne, Zubaida, ko so kike mu koma gidan jiya?"

Ta yarda don a zauna lafiya. Mace ce mai kunya, in ta yi magana sai ta sunkuyar da kai, kuma wannan kunyar ce ta haukata jama'a. Laik ya dawo har ya fi na da. Kuɗi suka dawo.

Ita ba ta bushe ba, kanta abin ya bi. Ranar nan ta ɗaga murfin tukunya ta ƙwalla ƙara, ta ce idanu ne ke tafasa a ciki. Ta farfasa madubin gidan, ta toshe tagogi da tsummoki, ta riƙa shafe fuskarta da gawayi don kada a gane ta. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka je asibiti, abu sai gaba. Amma duk haukanta ba ta sakin Hamdiyya. Kullum yarinyar na jikinta, ta rufe ta da zani. Wata rana ta ɗago ta dubi mijinta da ido irin na mai cikakken hankali.

"Ka ba su Inna, ka ba su ni. Wannan kam ba za ka ba su ita ba."

Maganar ta shige shi har ƙashi. A ranar ya daina ɗora komai. Ya goge duk hoton Hamdiyya da ke wayarsa, ya rantse ko zai koma cin garau-garau babu mai, fuskar 'yarsa ba za ta hau shafin nan ba. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, kuma ya san haka.

Ana tsakiyar damina, masara ta fi mutum tsawo, ya je Tudun Wada karɓo wa Zubaida magani. Da ya dawo ya same ta zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta duk taɓo, tana murmushi.

"Ina Hamdiyya?"

"Na ɓoye ta."

"A ina? Zubaida, don girman Allah, a ina?"

"Inda ido ba ya zuwa."

Ya lallashe ta, ya yi mata tsawa, ya durƙusa ya kama ƙafarta yana kuka. Ta ja zani ta rufe kanta. Gari ya tashi. Aka leƙa rijiyoyi, aka ratsa gonakin masara layi-layi ana kiran sunanta, aka bi bakin rafi da ya ciko. Aka yi shela a lasifikar masallatai, aka kai rahoto wajen 'yan sanda. Mu'azu ya samo wani hoton Sallah da yarinyar ta fito a ciki, ya ɗora a nasa ɗan shafin, ba wanda ya gani sai 'yan unguwa da suka riga suka sani. Kwanaki suka yi ta wucewa. Duk ruwan da aka yi, Kamilu sai ya ga 'yarsa a cikinsa tana rawar sanyi. Duk baƙuwar lamba da ta kira, sai ya ce masu garkuwa ne.

Mutane kuma suka sa shi a gaba. Mai unguwa da kansa ya kira shi zaure.

"Kamilu, wane irin uba ne kai? Ka nuna wa duniya uwarka tana bin akuya, ka nuna matarka tana dambu, yau 'yarka ta ɓata ka ce ba za ka yi cigiya ba? Jama'ar da ke bin ka sun fi na kasuwar Kwanar Dangora. Ka sa hoton yarinyar nan, ko mu fara zargin da hannunka a ciki."

Wa zai gaya wa abin da ke cikin tulu? Ya hau mota ya koma Doguwa kamar zai tashi sama, ya gangara ramin ya zube a gaban Ɗanasabe.

"Baba, ka warware. Ka karɓi gidan, ka karɓi motar, ka karɓe ni."

"Na gaya maka ba a cin mai kira."

"To ka duba min inda take. Tana da rai?"

"Ni kiran ido na iya, ba duba ba. Ka ɗora ta, kafin rana ta faɗi za a gan ta, ko a ƙarƙashin ƙasa take. Ido ba ya ɓatan hanya."

"In na ɗora kuma..."

"Waya taka, yatsa naka," in ji tsohon, ya juya masa baya.

A hanyar dawowa ne dabara ta zo masa, irin dabarar wanda ya ɗauka ya san kan abin. Ai shi gwani ne yanzu. Ya san lokacin da jama'a ke kan waya da lokacin da ba sa nan. Zai ɗora da hantsi, mutane na gona da kasuwa da ofis. Da an kira an ce an gan ta, zai goge nan take, kafin ido ya taru. Inna ai ta daɗe ana kallon ta kafin ta kwanta. Ɗan lokaci kaɗan ba zai yi komai ba.

Da hantsi ya karɓi hoton a wajen Mu'azu. Hamdiyya ce da kwalliyar Sallah, da lalle a hannu, tana dariya da giɓinta. Ya rubuta cigiya, ya sa lambarsa. Yatsan nan da aka tsaga yana zafi kamar an sa masa garwashi. Ya runtse ido ya danna.

Ya manta abin da shi kansa ya fi kowa sani: ƙaramin yaro da abin tausayi a hoto ɗaya, babu hantsi babu magariba. Manomi ya ajiye fartanya ya danna. Mai shago ya danna, malamin makaranta ya danna, matan aure a ɗaka suka danna suna hawaye. Kowa da kyakkyawar niyya, kowa yana ganin taimako yake yi, suna ta kwafar hoton suna watsawa a nasu shafukan.

Azahar ba ta yi ba aka kira shi. Wani makiyayi ne da ya shigo Dangora cajin waya ya ga hoton a hannun mutane.

"Malam, yarinyar nan ai tana rugarmu. Uwarta ce ta kawo ta wajen matata Hauwa, wadda ke kai muku nono. Ta ce ita za a kwantar a asibiti, a riƙe mata yarinyar amana har ta warke. Mun tashi da shanu ne zuwa gaba saboda gonaki, ko sabis babu a wajen. Wallahi ba mu san ana neman ta ba."

Kamilu ya goge hoton, ya ɗauki hanya. Ya same ta a bayan bukka tana wasa da ɗan maraƙi. Ta yi ɓulɓul da nono, kumatu sun fito, an yi mata kitson Fulani, har ta koyi kiran shanu. Tun da aka haife ta bai taɓa ganin ta cikin ƙoshin lafiya haka ba. Ta rugo ta rungume shi tana "Abba! Abba!" A nan tsaye ya gane abin da ya yi. Mahaukaciyar matarsa ta kai 'yarsu wuri guda da ta tsira, shi mai hankali ya bi ta da ido har can.

A mota ta fara lafewa a jikin kujera. Da suka hau kwalta sabis ya dawo, wayar ta ɗauki ruri. Ya goge nasa, amma hoton na shafi dubu. Yanzu kuma sabon labari ne ke yawo: Alhamdu lillahi an ga Hamdiyya. Masu murna suka fi masu jaje yawa, kowa na dannawa.

"Abba," ta ce a hankali, "su waye waɗannan?"

"Babu kowa, 'yar Abba. Rufe idonki."

"Na rufe, suna nan. Ka ce su daina kallona."

Ya tsayar da mota a gefen titi, ya cire rigarsa ya lulluɓe ta. Ya juya wayar ga fuskarsa, majina da hawaye sun haɗe, ya yi ta roƙo. "Jama'a, don Allah, don Annabi, kada ku danna! Ku goge hoton 'yata! Wanda ya danna ya cire! Kashe min ita kuke yi!" Ya ɗora. Mutane suka ce wayyo, uba ne, farin ciki ya juya masa kai, dubi yadda yake son 'yarsa. Suka danna wa roƙon, suka koma suka nemo hoton yarinyar su ga wadda ake wa kuka, suka danna masa shi ma.

Abin da ya ɗauki Inna Dije watanni, bai ɗauki Hamdiyya yini ba. Kafin ya shiga Ƙofa kumatun nan sun zube, hannun da ke riƙe da yatsansa ya saki. Ya shiga gida ɗauke da ita a naɗe cikin riga. Zubaida na zaune inda ya bar ta. Ta ɗaga gefen rigar ta duba, ta mayar ta rufe a hankali. Ba ta yi ihu ba.

"Ai na ɓoye ta," ta ce. "Wa ya ce ka nemo ta?"

Tun daga nan bai ƙara yin magana ta hankali ba har yau. Dangin Zubaida suka zo suka tafi da ita. Gidan bulo ya zama kango, don babu mai son haya ko saya. Kamilu kuwa yana tashar Kwanar Dangora, babu takalmi, ya daddatse babban yatsansa da dutse har ya lalace. In ya ga mutum ya sunkuya a kan waya sai ya rugo ya kama hannunsa yana kuka, yana cewa kada ya danna, yarinya ce ƙarama. Matasa kuma su ɗauke shi bidiyo su ɗora, don suna samun laik da shi sosai.

To, kai mai jin zafin an ƙi kallon ka, ka ji tsoron Allah ka tsaya inda ya ajiye ka. Ka gyara aikinka, ka ɗora, wanda ya danna ya danna, wanda bai danna ba ka bar shi. Amma kada kwaɗayin idon baƙi ya kai ka ramin boka, don abin da ake kira a can da yunwa yake zuwa, kuma ba ya cin na waje. Kamilu ya roƙi duniya ta kalle shi ta ƙi, ya saye ta da mutanen gidansa. Ranar da ya roƙe ta ta kau da kai daga 'yarsa, babu wanda ya kau.